Matatar ruwa ta gida: wacce za ka saya, wacce za ka bari a shago

Kafin ka tambayi kuɗin kowace matata, fara sanin abin da ke damun ruwan gidanka. Idan laka ce da jan ƙasa irin na ruwan famfo a damina, maganin mai sauƙi ne. Idan kuwa rijiyar burtsatse ce mai zartsi, ko wadda sabulu ba ya kumfa a ruwanta, ko haƙoran yaran unguwa sun fara yin ja, to abin da ke ciki narkakke ne, ido ba ya ganinsa, tafasawa ma ƙara wa zartsi da fuloraid ƙarfi take yi domin ruwa ne ke tashi a tururi ya bar gishirin. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun ga illar haka, inda yawan sinadarin fuloraid a ruwan burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, naitiret kuma, wanda kan shiga ruwa daga taki da masai, miligiram 50.

Matatar kyandir mai bokiti biyu tana riƙe laka da yawancin ƙwayoyin cuta, amma gishiri wucewa yake yi abinsa. Ta gawayi mai kama da jug ɗanɗano da warin kulorin kawai take gyarawa. Fitilar UV tana kashe ƙwayoyi, ba ta cire komai. Matatar UF kuwa, mai tantani mai ƙananan ramuka ƙwarai, ta fi kyandir, sai dai ita ma ba ta taɓa narkakken abu.

Wadda nake so, kuma ban ɓoye ba, ita ce RO, wato matatar da ke tura ruwa ta cikin tantani don cire narkakken gishiri, mai matakai biyar da ake ɗaurawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai tanki da famfon ƙara ƙarfi. Kwalba ta farko tana tare yashi da tsatsa har zuwa maikiron 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Biyu na gaba gawayi ne, aikinsu cire kulorin, domin kulorin cinye tantanin yake yi. Sai tantanin kansa, wanda ake tura ruwa ta cikinsa da ƙarfi, ruwa ya wuce, fiye da kashi 90 cikin ɗari na narkakkun gishiri da dalma da fuloraid su bi bututun zubarwa. Gawayi na ƙarshe ɗanɗano yake gyarawa bayan ruwan ya kwana a tanki. Wasu kan ce ruwan ya yi salam a baki. Akwai ƙaramar kwalba ta shida mai mayar da ɗan sinadari, ba ta da tsada.

Maganar famfon ƙara ƙarfi kada ka bari mai shago ya ce ba dole ba ne. Tantanin yana bukatar ƙarfin ruwa kamar psi 40 ko fiye (psi ma'aunin ƙarfin turin ruwa ko iska ne), alhali tankin sama mai tsayin mita 10 abin da yake bayarwa bai wuce psi 14 ba, kuma tankunan yawancin gidajenmu ba su kai wannan tsayin ba. Ba famfo, sai ɗigo. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramar sola ko inbata ta ishe shi. Nan ne tanki ke da rana: idan an ɗauke wuta akwai abin sha a ajiye. Sababbin injina marasa tanki suna da kyan gani, amma da wuta ta tafi ruwa ya tafi.

Lambar da ke jikin tantani, 50 ko 75 ko 100, galan ne a rana. Galan 75 ya kai lita 280 da ɗoriya, amma a ɗakin gwaji aka auna, da ruwa mai ɗumin digiri 25. Da sanyin hunturu za ka ga ya rage gudu, ba lalacewa ya yi ba. Kuma a sani, RO na zubar da ruwa: irin na da kan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ya ba ka ɗaya. Ga mai sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kai bututun cikin duro, a yi wanki da goge ɗaki da bayan gida da shi.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne kayan canji. An taɓa sayar mini da inji mai kyau ƙwarai wanda kwalabensa na kamfaninsa ne kaɗai, da dillalin ya rufe shago injin ya zama kayan ado. Saboda haka ka nemi mai kwalabe irin na gama-gari, masu tsawon inci 10, da tantani mai lamba 1812, waɗanda za ka samu wurin masu kayan famfo a kowace babbar kasuwa. Kwalaben farko ana canza su duk wata 6, idan ruwan mai laka ne ko wata 3 ba za su kai ba. Tantani yana shekara 2 zuwa 3 in an kula da na gabansa. Sau ɗaya a shekara a wanke tanki da kwalabe, a duba iskar tankin bayan an zubar da ruwansa, ta tsaya tsakanin psi 5 zuwa 7. Idan rijiyar tana kusa da masai, a ƙara fitilar UV, kada a dogara ga tantani shi kaɗai.

Sai 'yan damfara, kuma suna da yawa. Akwai masu yawo gida-gida da wata na'ura mai sandunan ƙarfe, su tsoma a kofin ruwanka su jona wuta, nan da nan ruwan ya koma ja ko kore da dauɗa a sama, nasu kuwa ya tsaya garau. Uwargida ta tsorata, a ce mata guba yara ke sha. Wallahi dauɗar nan daga sandar ƙarfensu take fitowa. Duk ruwan da ke da ɗan sinadari yana ɗaukar wuta, ƙarfen ya narke a ciki, ko da ruwan gora mai tsada ne. Akwai masu sa tantanin UF a gidan RO, alamarsa ba bututun zubarwa, ko akwai shi amma gishiri bai ragu ba. Akwai jabun tantani da aka manna wa sunan sanannun tantani irin su Filmtec ko Vontron, araharsa ce ke fara tona shi. Akwai kuma masu cewa injinsu na maganin ciwon suga da hawan jini. Wannan ko sauraro kada ka yi. Har wasu masu gyara kan wanke tsohuwar kwalba su mayar, su karɓi kuɗin sabuwa, don haka a buɗe leda a gabanka, a bar maka tsohuwar.

Ka sayi ma'aunin TDS naka, wato mai auna yawan narkakken gishiri a ruwa, ɗan ƙarami ne kamar biro. Ranar ɗaurawa, bayan an zubar da cikin tanki na farko, auna ruwan shiga da na fita. Idan na shiga 400 ne, na fita ya kamata ya zama 40 ko ƙasa. Rubuta lambar a jikin bango kusa da injin, ka riƙa aunawa duk wata. Ranar da ta fara hawa sosai, tantani ya gaji. Ma'aunin gishiri kaɗai yake gani, ba ya ganin ƙwayar cuta, wannan sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Kuma kada ka cika wa mai ɗaurawa kuɗinsa sai lambar ta fito a gabanku ku biyu.