Kafin ka sayi agwagi: ta gida ko ta Turawa, ƙanana ko matasa?

Tun da na fara ajiye agwagi a bayan gidanmu nan Katsina mutane suke tambayata wacce za su saya, to gaskiya amsar tana ga abin da kake nema, nama ne ko ƙwai ko kuwa kana so su yi ta haihuwa suna yawa.

Ta gida dai kowa ya santa, mai jan fuska mai ƙuraje-ƙuraje ɗin nan, wadda a turance ake ce mata Muscovy, asalinta ma daga Kudancin Amurka take. Ba ta da surutu, toron sai dai ka ji yana huci, maƙwabta ba za su yi ƙorafi ba. Toro idan ya ƙoshi yana kai kilo 4 zuwa 5, macen kamar rabinsa. Abin da ya sa nake sonta shi ne kwanci. Takan fara ƙwai tana wata 6 zuwa 7, ta tara goma sha wani abu, ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a kai ta kwanta, kuma kwana 35 take yi ba 21 irin na kaza ba, wannan ka riƙe shi da kyau don na ga wanda ya kwashe ƙwan ya zubar a kwana 30 wai sun lalace, wallahi da aka fasa ɗaya ɗan yana ciki da ransa. Matsalarta ƙwai kaɗan ne a shekara, girma a hankali, sannan matan suna tashi sama su haye katanga, sai ka rage gashin fiffike ɗaya da almakashi.

Sai na Turawa. Akwai Pekin, fara tas mai ruwan ɗorawa a baki, asalin ƙasar Sin, ita ta nama ce, sati 7 zuwa 8 ta kai kusan kilo 3, amma fa da abincin buhu na kamfani, idan dusa da ƙanzo za ka ba ta kar ka sa ran haka. Akwai kuma Khaki Campbell daga Ingila, ƙarama ce ba nama sosai, sai dai ƙwai, tana iya haura 250 a shekara in ta samu kulawa. Su biyun ƙwansu kwana 28 ne kuma ba su cika kwanci ba, dole sai inkubeta, wato injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko ka sa wa kaza ko agwagwar gida, inkubeta kuwa da yanayin wutarmu sai mai sola. Ga ihu, matan ba sa shiru. Kuma ka tambayi kanka wa zai sayi ƙwan, don mai shayi na kaza yake nema.

Wani abu, in toron gida ya bi Pekin za a samu 'ya'ya masu nama sosai amma ba sa haihuwa, kar wani ya sayar maka da su a matsayin iri.

Ni dai mai farawa ina ce masa ya ɗauki ta gida, matasa 'yan wata 3 ko 4, mata huɗu toro ɗaya. 'Yan kwana ɗaya sun fi araha amma sanyin hunturu yana kashe su, ga shaho da gafiya da muzuru, sai ka yi ta fama da fitila ko gawayi. Manya kuma da ake kawowa kasuwa sau da yawa tsofaffi ne da suka gaji da ƙwai shi ya sa mai su ya rabu da su. In ka samu wajen wanda ka ga iyayen da idonka ya fi, in kuma kasuwa ce kamar ta Mai'adua ranar Lahadi to ka ce a ajiye ta ƙasa ka ga tafiyarta, ka duba ido da hanci ba ruwa, ƙasan wutsiya ba kashi a manne, ka shafa ƙirji ka ji tsoka ba ƙashi kamar wuƙa ba. Toron kuma ka saye shi wani waje daban don kar ya zama ɗan'uwansu.

In ka kawo su ka ware su sati biyu kafin su haɗu da kajinka. Agwagwa tana jure cutar nan da ke share kaji lokacin sanyi, amma tana iya ɗaukar murar tsuntsaye ba ta nuna ba.

Ruwa ba sai kududdufi ba, tsohon baho ko taya da aka raba biyu ya isa, in dai za ta tsoma kanta duka ta wanke hanci. Sai dai za su mayar da tsakar gida caɓi, don haka ka yi shawara da uwargida tukuna, ita za ta sha shara. Abinci kuwa dusa, ragowar tuwo, gero da ganye duk suna ci, amma ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi funfuna kar ka kuskura, gubar da ke ciki tana kashe 'ya'yan agwagwa da sauri fiye da 'yan tsaki.