Asibiti ne ya kira ta, ba ita ta kira ba

Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan Ingila. Cikin waɗanda nake yi wa hidima akwai wata dattijuwa mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya. In ina sa mata riga nakan ga tudun a ƙarƙashin fata, faɗinsa kamar fuskar agogon hannu. Ran nan muna karin kumallo asibiti suka bugo waya, wai batirin ya fara ja baya, sun sa mata rana. Ita ko ciwon kai ba ta yi ba. Ashe ɗan akwatin da ke gefen gadonta ne ke aika musu rahoto tana barci.

Wallahi sai da na ajiye cokali. Cikin mutum ruwan gishiri ne mai ɗumi, yana cin ƙarfe, amma wannan abin zai yi wajen shekara 10 a ciki bai yi tsatsa ba. Kwansonsa na titaniyum ne, batirinsa na litiyum, wayoyin da ke shiga zuciya an lulluɓe su da roba ta musamman, don kullum sai sun lanƙwashe kusan sau 100,000. Na farko da aka dasa a Suwidin a 1958 sa'o'i kaɗan ya yi ya tsaya, duk da haka mai shi, Arne Larsson, ya rayu har 2001 ana canza masa. Yanzu har akwai Micra, wanda ba shi da waya ko ɗaya, a cikin zuciyar ake ajiye shi.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ganin likitan unguwa sai ka kafa waya tun ƙarfe 8 na safe, a ce maka layi ya cika. Tsohuwar nan kuma sai ta yi wata ba ɗan da ya leƙo ta, abin da ba za a taɓa yi a gidanmu ba.

Amma kawuna nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Jiri yake yi, ya yanke jiki ya faɗi. Aka ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi, mai kemis na ƙara masa ruwa. Ba wanda ya ce a auna zuciyarsa, alhali manyanmu ɗan zazzaɓi ke kai su Masar ko Indiya. A nan kuwa in za a ƙona gawa, sai an cire na'urar tukuna, don batirin na fashewa a wuta. Jami'ar Michigan ta Amurka tana tattara irinsu, ta tsabtace, a dasa wa marasa hali a wasu ƙasashe.

Don Allah, duk wanda tsohonsa ke yawan suma, a haɗa da addu'a a kai shi asibitin koyarwa a yi masa gwajin zuciya.