Tsofaffin Bindigogin Farauta Masu Sakata: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Tsofaffin bindigogin farauta na Turai, waɗanda ake ja musu sakata da hannu bayan kowane harbi, ba shekaru ne kaɗai ke ba su daraja ba. Abin da masu tara su ke biya shi ne asali, wato bindigar ta kasance kamar yadda ta fito daga masana'anta, ba a taɓa mata ƙarfe ko katako ba.

Da wannan ma'auni, ban ga wadda ta kamo Mannlicher-Schönauer ba, ƙirar kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya. Samfurin 1903, mai cin harsashi 6.5x54, yana da gidan harsashi mai juyawa wanda ke riƙe guda 5, kowanne a gurbinsa, shi ya sa sakatarta ke tafiya sumul ba tare da cijewa ba. Katakonta kan kai har bakin bututu, hannun sakatar kuwa falale ne, kuma da yawa suna da kunama biyu. Samfuran 1905, 1908 da 1910 sun biyo baya da manyan harsasai, amma samun harsasan nasu a yau sai an sha wahala. Tunda an daina ƙera ta a farkon shekarun 1970, mai kyau sai ƙara wuyar samu take yi.

Mauser 98 ta farauta, wadda aka ƙera a Oberndorf na Jamus kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce kaɗai abokiyar hamayyarta ta gaskiya, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin mai farawa. Sako ta Finland, irin su L61R Finnbear, ta iya saiti, amma ta fi dacewa da daji fiye da ma'ajiya. Husqvarna ta Sweden da Brno ZKK ta tsohuwar Czechoslovakia kayan aiki ne nagari masu sauƙin kuɗi, shi ke nan.

Inda ake tafka asara shi ne wajen 'yan damfara. Sojojin Girka sun yi amfani da Mannlicher-Schönauer samfurin 1903, kuma an yanke da yawa daga cikin waɗannan bindigogin soja, an sake musu katako, ana tallata su a matsayin na farauta. Haka ake yi wa K98k ta sojan Jamus. Saboda haka a duba lambar da ke jikin sakata, a tabbatar ta yi daidai da ta jikin bindigar, a kuma nemi tambarin gwaji, wato alamar da ake bugawa a ƙarfe bayan an gwada ƙarfin bindigar. Idan rubutun da aka buga a ƙarfe ya dushe alhali launin yana ƙyalli kamar sabo, to an goge ta an sake rina ta, darajarta kuma ta zube. Ramukan da aka huda daga baya domin ɗaura madubin hange su ma naƙasa ce da ba ta gyaruwa, kuma Mannlicher ta fi fama da su, domin ƙirarta ba ta karɓar madubi cikin sauƙi.

Browning Safari, wadda kamfanin makamai na FN ya ƙera a Beljiyam, tana da tata matsalar: a ƙarshen shekarun 1960 an yi amfani da katakon da aka busar da gishiri, wanda ke cin ƙarfe daga ciki. Duk mai sayarwar da ya ƙi a kwance katako a ga ƙasan bututu, kada a miƙa masa ko sisi.