Gargaɗi ga masu jita: a kula da masu cewa "taransifoma ta ƙone"

Jama'a, musamman makaɗan jita da masu kula da kayan sauti a majami'u da wuraren biki, a yi hattara. Akwai wasu da suka bazu a Facebook da WhatsApp suna kiran kansu ƙwararrun masu gyaran amfilifaya mai kwalba, wato mai ƙara ƙarfin sauti da wasu kwalaben gilashi da ke cikinta, irin su Fender da Marshall da ake shigo mana da su na hannu. Da zarar ka ce taka ta daina kawo wuta, tun ba su gan ta ba za su ce taransifoma ce ta ƙone, sai an yi odar wata daga Amurka ko Ingila, don haka ka tura kafin alƙalami.

Ni gyaran kayan sauti ne abincina, kuma ina gaya muku, amfilifayar da ta mutu ɗif galibi fiyus ne ya tsinke. Shi kuma fiyus ba ya tsinkewa haka kawai. Yawanci ɗaya daga cikin manyan kwalaben ce ta lalace, 6L6 ko EL34, ko kuwa kwalbar da ke daidaita wuta irin GZ34. Mai gyara na gaskiya zai zare kwalaben, ya sa fiyus daidai da lambar da aka rubuta a bayan akwatin, ya kunna. In fiyus bai sake tsinkewa ba, to a nemi laifin a wani wurin, ba a taransifoma ba. Taransifomar da ta ƙone kuwa ba ta ɓuya: ƙauri ne ke tashi, wani lokaci har kakin cikinta ya narke ya zubo, kuma ana iya auna ta da mita a gabanka.

Su waɗannan mutanen sai su karɓi kayanka, su canza fiyus da kwalba guda, su fesa wa tsohuwar taransifomar baƙin fenti, su ce ga sabuwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne satar kwalabe. Masana'antun da suka rage suna yin su ba su da yawa, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya dagula fitar da su, farashi ya yi sama. Tsofaffin Mullard da RCA da ke cikin amfilifayarka kuɗi ne, sai a kwashe a zuba maka masu araha da suka gaji.

An kawo mini wata da ta biyo ta hannunsu. Na buɗe gidan fiyus, sai ga wayar tagulla an nannaɗe a kai. Kwalbar da ke da matsala tana nan, ta yi ta jan wuta ba mai tare ta, har taransifomar da ke lafiya lau ta ƙone da gaske, kaki ya daskare baƙi ƙirin a jikin ƙarfen. Irin wannan aikin yana iya tayar da gobara a ɗaki.

Wasu masu sayarwa ma kan wayar kawai suke canzawa su ce an juya ta zuwa wutarmu. Ta Amurka bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. A karanta bayan akwatin kafin a jona.

Don Allah kada tsoron macuta ya sa ku buɗe cikinta da kanku. Kafasitocin da ke tara wuta a cikinta suna riƙe da sama da bolt 400, kuma suna iya riƙe wutar ko bayan an zare waya daga bango. Abin da za ku yi shi ne ku ɗauki hoton kwalaben da taransifomomin, ku sa wa kowace alama da alƙalamin maka, a yi gwajin farko a gabanku, kuma ku ce a dawo muku da duk abin da aka cire. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ku ɗauke kayanku ku tafi.