Tukunyar gumi mai rariya: abin da take gyarawa da inda ta tsaya

Ga matan Argungu, Suru da Jega masu sana'ar gumin shinkafa a cikin gida, tukunya mai rariya da masu walda ke ƙerawa ta fi ta gargajiya nesa ba kusa ba. Ruwa na ƙasa, farantin ƙarfe mai ƙananan huji na tsakiya, shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, na sama, sai murfi. Tururi kaɗai ke dafa shinkafar, don haka ba a samun ta ƙasa ta caɓe ko ta ƙone alhali ta sama ba ta nuna ba. Itace ma ba ta ci kamar waccan.

Amma ba ta rufa asirin wadda ta yi sakaci wajen jiƙo. A wanke shanshera sau biyu ko uku, a kwashe marar ƙwaya da ke tasowa. A jiƙa da ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, ta kwana, awa 12 zuwa 16. In ta zarce sai ta yi tsami, warin kuwa har kasuwa zai bi ta. Wajen turarawa kada ruwa ya taɓa rariyar. Minti 20 zuwa 30 bayan tururi ya tashi, da ɓawon ya fara tsagewa, a sauke. A shanya kan tamfol, ana juyawa, a ƙarasa a inuwa. Wadda rana ta gasa har ƙarshe ita ce ke kakkarye a inji, ko da irin shinkafar da ake kira FARO 44 ce mai kyau.

A duba ƙarfen kafin a biya. Wadda aka yanka daga tsohon duro tana tsatsa, ta ɓata launin shinkafa, duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa kada a kusance shi. Babbar tana da nauyi, mace ɗaya ba ta iya juye ta da zafinta.

Matar kulle za ta ji daɗinta, tunda a tsakar gida ake aikin. Ribar ce ke zubewa a waje. Maigida ko dillali ke sayo shanshera, shi ya san farashi. Yaro ake aika wa inji, ba zai iya ce wa mai inji ya sassauta ba in shinkafa na karyewa, ba kuma zai ƙirga kwanon da ya fito ba. Gonar gadonta a fadama sau da yawa tana hannun yayyenta maza, ga shi rancen noma irin wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 mai gona yake bi.

Shi ya sa ta fi dacewa da mata biyar ko shida su yi adashe su saya, su wakilta dattijuwa mai fita ta tsaya a kan awo da inji. Mai gumin buhu ɗaya a mako ta nemi ƙarama.