PlatformIO da ESP32: bayan wata uku ina aiki da shi

Na'ura nake haɗawa a kan allon ESP32 (ɗan ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa manhaja) wadda za ta kashe famfon rijiyar burtsatse da zarar tanki ya cika. Ranar da abokin aikina ya buɗe manhajar a kwamfutarsa ta ƙi haɗuwa ta zama abin da allon zai iya gudanarwa, domin sigar laburaren (shiryayyun guntayen manhaja da muke aro) da ke wurinsa daban take da tawa. Mun wuni muna cacar baki. Washegari na saka PlatformIO, kayan aikin haɗa manhajar irin waɗannan alluna, a cikin VS Code, manhajar da nake rubuta lamba a ciki.

Abin da ya saye ni ɗan fayil ne guda, platformio.ini. A ciki na rubuta platform = espressif32, board = esp32dev, framework = arduino, sannan na jera laburare da sigoginsu a ƙarƙashin lib_deps. Shi ke nan. Duk wanda ya karɓi aikin, PlatformIO zai sauko masa da irin kayan da na yi amfani da su, babu sauran "ai a wurina tana aiki". Umarni ɗaya, pio run -t upload, yana haɗa manhajar ya ɗora ta a kan allon. In ka gyara fayil ɗaya, ba ya sake haɗa komai daga farko.

Sai dai ka tanadi data. Karon farko yana sauko da kayan haɗin gaba ɗaya, kuma suna da nauyi. Ni da dare na yi, da garaɓasar data.

Wahalar da na sha kuwa tawa ce. Kwamfuta ta ƙi ganin allon, na yi ta sake saka direban CP2102 (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane guntun USB na allon), ashe wayar USB ɗin da na saya a bakin titi ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar bayanai. Da na canja ta, ɗorawar ta tsaya a "Connecting" ɗigo na bin ɗigo, sai da na danne maɓallin BOOT da ɗan yatsa sannan ta wuce. Daga nan allon ya riƙa turo rubutu kamar na aljanu, don na manta saka monitor_speed = 115200, wato saurin karanta saƙon allon, PlatformIO kuma a 9600 yake farawa.

Mai koyon kunna fitila ɗaya ya zauna a Arduino IDE, manhajar da masu koyo suka saba farawa da ita, ya ishe shi. Ni dai yanzu ina shirin ƙara wani nau'in allo, STM32, a cikin fayil ɗin platformio.ini ɗin nan.