Robar gaban bonet a Hilux: ta kare fenti, shan mai kuwa bai motsa ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, duk wani abu da mutum zai liƙa wa mota sai ya tambayi kansa ko zai ƙara mata shan mai. Shi ya sa da na sa wa Hilux ɗina baƙar robar nan da ake kafawa a bakin bonet don kare ƙwari da tsakuwa, tambayar da abokan aiki suka fi yi mini ba ta kyau ko ƙarko ba ce. "Alhaji, yaya mai?" Wasu sun ji an ce tana rage sha saboda tana yanka iska, wasu kuma sun ji cewa tana tare iska har tanki ya riƙa ƙonewa da wuri.

Motar mai injin fetur ce, 2.7, tankinta lita 80. Aikina na kai kayan noman rani ne, don haka hanyata ita ce Kano zuwa Haɗeja, wani lokaci har Nguru. Wanda ya san yankin nan na fadama ya san yadda magariba take a ƙarshen damina: fara, gina da ƙananan ƙwari suna bin hasken fitila, kafin ka yi tafiyar rabin awa gilashin gaba ya yi dabbare-dabbare, waifa kuma sai dai ta ƙara shafe shi da maiƙo. Ga tsakuwar da tayoyin tirela ke watsowa. Bakin bonet ɗina duk ya yi zanzana, wasu ramukan har sun fara tsatsa.

A Ƙofar Ruwa na saye ta. Roba ce mai tauri, baƙa mai ɗan ratsa haske, an lanƙwasa ta daidai da bakin bonet. Ba a huda ƙarfe wajen ɗaura ta, da 'yan maƙalai ake kama ta ta ƙasa, sai wasu ƙananan ƙwallayen roba da ake mannawa a kan fenti don kada ta riƙa gogarsa.

A kan maganar mai, ban dogara da allurar geji ba, domin ita ba ta sauka daidai wa daida. Abin da nake yi tun kafin in sa robar shi ne in cika tanki a famfo ɗaya har ya katse da kansa, in mayar da mitar tafiya sifili, in je in dawo, in sake cikawa a wannan famfon, sannan in raba kilomita da lita. Haka na ci gaba da yi bayan na sa ta, har damina ta wuce hunturu ya shigo. Ban ga ragi ba, ban kuma ga ƙarin da zan iya rantsuwa cewa robar ce ta jawo shi ba. Bambancin da ke tsakanin wannan tafiya da waccan, ko da robar ko babu, ya fi duk abin da za a iya ɗora mata. Ranar da na ɗauko buhunan taki lissafi daban ne, ranar da na kunna AC tun daga Kano daban ne. A hunturu kuwa iskar arewa maso gabas tana bugun mota ta gaba idan ka nufi Haɗeja, ta tura ka ta baya idan kana dawowa, kuma wannan kaɗai ana ganinsa a famfo.

Duk da haka ba zan ce ba ta taɓa komai ba. Aikinta shi ne ta ɗaga iskar da ke bin saman bonet ta cilla ta sama, ta tafi da ƙananan ƙwari su tsallake gilashi. Duk abin da ya karkatar da iska haka yana hargitsa ta, kuma injin ne ke biyan kuɗin hargitsin. Don haka idan akwai canji, ta wajen ƙari yake, ba ragi ba. Wanda ya ce maka tana rage shan mai, ciniki yake nema. Sai dai Hilux mota ce mai tsayi da faɗin goshi, ga buɗaɗɗen bodi a baya, iskar da take turewa tun asali mai yawa ce, ɗan tudun roba mai tsayin 'yan yatsu ba ya ƙara wani abin a zo a gani.

Abin da ke cin mai a titi gudu ne. Ƙarfin da iska ke tare mota da shi yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Daga kilomita 80 a awa zuwa 120, turjiyar iska ta haura ninki biyu. Ka fitar da tafin hannunka ta taga a gudun 60, ka sake a 110, za ka ji abin a kafaɗarka. Ni dai ranar da na tsaya a 90 zuwa 100 nakan ga sauƙi ƙarara, abin da robar ba ta taɓa nuna mini ba ta kowane ɓangare. Haka ma iskar taya. Idan ta yi ƙasa da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, mai yana tafiya a banza, kuma tsayawa wajen mai faci ya auna ba ya cin minti biyar. Kariyar saman rufi da aka ɗaure wa kaya ita ma ta fi robar nan tare iska nesa ba kusa ba.

Wajen aikin da aka yi ta dominsa, ta biya ni rabi da rabi, amma rabin mai kyau ne. Bakin bonet bai ƙara samun sabon tabo ba. Idan ka duba robar a rana za ka ga fararen ɗigo-ɗigo inda tsakuwa ta buga, kowane ɗaya da a kan fenti zai sauka. Ƙananan ƙwari sun ragu a ƙasan gilashi idan ana gudu sosai. Fara kuwa ba ruwanta, nauyinta ya fi ƙarfin iskar, tana zuwa ta fashe a gaban idonka kamar da. A cikin gari, inda ba a gudu, ba ta kare komai sai tsakuwa.

Akwai abubuwa biyu da suka dame ni. Ruwan wanke gilashi ba ya sauka inda ya saba idan ana gudu, domin iskar wurin ta canza hanya, sai da aka gyara bakin feshin da allura. Na biyun ya fi muhimmanci ga mu mutanen Arewa: ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin robar da bonet, inda soso ba ya shiga. Idan ƙwallayen nan suka ɓalle, robar za ta riƙa karkarwa a kan ƙurar tana cin fentin da aka saye ta don ta kare. Yanzu duk wanki sai na ce wa yaron ya zura tiyo ta ƙarƙashinta, lokaci-lokaci kuma a kwance ta gaba ɗaya a goge.

Wanda motarsa ba ta fita daga cikin Kano ko Kaduna, ya riƙe kuɗinsa ya sha mai da su. Mai bin doguwar hanya a bayan tireloli, musamman inda ake aikin titi an zuba tsakuwa, ya saya, amma ya nemi wadda aka yi wa samfurin motarsa daidai, ya kuma tsaya a gabansa a manna ƙwallayen kafin a ɗaure maƙalan.